Sama ba ta san alfarma ba

A ƙasar Hausa abin hawa shi ke fara gabatar da mutum tun kafin ya buɗe baki. Doki ya yi zamaninsa, da sirdi da linzami da zagage. Keke ya yi nasa, babur ya biyo, har aka kai ga manyan motocin da ke shigowa ta tashar Kwatano. Yau zancen ya bar ƙasa ya nufi sama. A majalisun masu hannu da shuni, da ma na masu yi musu fadanci, ana ƙara jin wata magana mai rassa biyu. Reshen farko: hanya ta yi tsawo, ta lalace, ga fargabar ƴan bindiga, to me zai hana mai hali ya sayi jirgi mai saukar ungulu ya huta? Reshe na biyu kuwa da murya ƙasa-ƙasa ake faɗinsa, ana murmushi: takardu ba matsala ba ne, ai akwai wanda muka sani.

Da reshen farko ba mu da jayayya. Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000. Daga Yamai zuwa Maraɗi ta hanyar mota an haura kilomita 650, zuwa Damagaram kuwa ana neman 900, kuma duk wanda ya wuni cikin mota tsakanin Doso da Ƙonni da Madawa ya san abin da tafiyar ke yi wa ƙugu. Mutum ya nemi dukiyarsa ta halal ya kashe ta inda ya ga dama, wannan ba hurumin marubuci ba ne. Jayayyarmu tana kan reshe na biyu, domin a cikinsa ne tsohuwar cutarmu ta alfarma ke neman fukafukai. Mun saba da ita a ƙasa: permin tuƙi da ake samu ba a taɓa riƙe sitiyari gaban mai jarrabawa ba, motar da aka ba takardar lafiya alhali birkinta ya mutu, lodin da ya ninka ƙa'ida aka ɗaga masa hannu ya wuce. A ƙasa wannan hali yana cinmu kaɗan-kaɗan, har mun daina ƙirge. A sama ba ya jira. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, ƙa'idojin lasisi su ne kaya mafi daraja cikin duk abin da mai sayen jirgi zai samu, kuma wanda ya nemi a sassauta masa su ya zama abokin gaban kansa, da iyalinsa, da mutanen da zai bi ta saman rufinsu.

Abin da kuɗi ke saya

Mu fara da kasuwa, tun da can ne idon mai saye yake. Mai son helikwafta na kansa yana da hanyoyi biyu. Akwai masu inji mai fistin, irin na mota, waɗanda kamfanin Robinson na Kalifoniya ya yi fice da su: R22 mai kujera biyu da ya fito a 1979, da R44 mai kujera huɗu da ya biyo baya a farkon shekarun 1990. Sabon R44 ya haura dalar Amurka dubu 500, wato wajen miliyan 300 na sefa. Yana gudun kilomita 200 a awa, yana shan lita 55 zuwa 60 a awa guda. Akwai kuma masu injin tarbin, masu shan kananzir ɗin jirgi, irin su R66 mai kujera biyar, da Bell 505, da H125 na kamfanin Airbus wanda aka fi sani da tsohon sunansa Écureuil. Waɗannan daga dala miliyan ɗaya suke farawa, su kai miliyan uku ko fiye. Irin na ƙarshen ne wani matuƙi ɗan Faransa, Didier Delsalle, ya sauke a ƙololuwar dutsen Everest cikin watan Mayun 2005, kuma dillalai ba sa gajiya da ba da wannan labari.

Abin da dillali ba ya saurin faɗa shi ne halin ƙasarmu. Jirgi mai saukar ungulu kan iska yake dogara, kamar yadda kwale-kwale ke dogara kan ruwa, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. Filin jirgin Damagaram yana kusan mita 460 sama da teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 43, abin da ba baƙo ba ne a Afrilu da Mayu, farfela da inji suna aiki kamar a kan dutse mai tsawon mita 1,600. Jirgin da ya ɗaga mutum huɗu da safe cikin hunturu ba lalle ya ɗaga su da azahar cikin bazara ba. Littafin jagoran R44 da kansa ya nuna cewa har zuwa digiri 38 a gaɓar teku aka tabbatar injinsa na samun sanyin da ya kamata, mu kuwa mun san inda ma'aunin zafi ke kaiwa a Tawa da Agadas. Ga rairayi mai cin bakin farfela kamar magagari. Ga ƙurar da jirgin ke tayarwa da kansa in ya zo sauka a fako, ta rufe shi ruf, matuƙi ya kasa ganin ƙasa a daidai lokacin da ya fi bukatar ganinta. Ga hazon hunturu da ke shafe gari kwana da kwanaki, ga hadarin damina da ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa.

Sai zancen nisa da mai. Cikakken tankin R44 bai cika wuce kilomita 550 ba, alhali tsakanin Yamai da Maraɗi a miƙe kusan 540 ne, ba a lissafa man ajiyar da doka ta wajabta ba. Damagaram kuwa ta haura 700. Man da injin fistin ke sha fetur ne na musamman na jiragen sama, ba na gidan mai ba, balle na kwalaba a bakin titi, kuma ba a kowane filin jirgi na Afirka ta Yamma ake samunsa ba. Wanda ya sayi ƙaramin jirgi don ya tsere wa hanya zai iya samun kansa yana jiran motar da za ta kawo masa duro ta wannan hanyar da ya gudar wa.

Magabata sun san cewa kuɗin doki ba ranar saye ake gama biyansu ba, a harawa da dawa ake biyansu kullum. Bayan kowace awa 100 ta tashi sai an duba jirgin daga kai zuwa wutsiya. In R44 ya cika awa 2,200 ko shekara 12, duk wanda ya riga, sai an warware shi gaba ɗaya an sake masa muhimman sassa, aikin da kan haura dala dubu 200. Kuma shekara 12 ɗin tana tafiya ko da jirgin yana ajiye cikin inuwa ana goge masa ƙura. Farfela da sauran manyan sassa kowane yana da adadin sa'o'in rayuwarsa a rubuce, in sun cika sai a cire shi ko da yana ƙyalli. Shi ya sa jirgi na hannu ba kamar mota ƴar Kwatano ba ne, da za a buga mata fenti a juya mata mita. Darajarsa tana cikin kundin tarihinsa, inda aka rubuta kowace tashi da kowane gyara tare da sa hannun makaniki mai lasisi. Jirgin da kundinsa ya ɓata ya koma tarin ƙarfe. Saboda haka zaɓen jirgi lissafi ne na nauyi da zafi da nisa da mai da inda makaniki yake. Wanda tambayarsa ta farko ita ce wanne ya fi na wane, ya fāɗi jarrabawar tun bai shiga aji ba.

Abin da kuɗi ba sa saya

Dokar sama ta yau ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi hukumar zirga-zirgar jiragen farar hula ta duniya, OACI, mai mazauni a Montreal da ƙasashe 193 a cikinta. Ayar farko ta yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa cikakken iko da sararin samaniyarta. Wanda ya mallaki gona ya mallaki ƙasar gonar, amma saman da ke bisa kanta na ƙasa ne baki ɗaya. A Nijar hukumar ANAC ke riƙe da wannan amana. Jirgin da aka yi wa rajista a nan yana ɗauke da alama mai farawa da 5U, na Najeriya 5N, na Faransa F, na Amurka N. Ba ya tashi sai da takardar rajista, da takardar shaidar lafiyarsa, da izinin rediyo, da inshora, da kuma lasisin wanda ke riƙe da shi.

Ga abin da ƙa'idar OACI ta nema daga mai son tuƙa jirginsa da kansa. Ya kai shekara 17. Likitan da hukuma ta amince da shi ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa, a maimaita dubawar bayan shekara biyar, in ya haura shekara 40 kuwa bayan shekara biyu. Ya ci jarrabawa kan dokar sama, da yanayi, da lissafin hanya, da aikin inji, da maganar rediyo, da iyakar jikin ɗan Adam. Ya yi tuƙi na aƙalla awa 40, goma daga ciki shi kaɗai, har da tafiya guda ta kilomita 180 da sauka a wurare biyu. Ƙasashen Turai awa 45 suke nema. Ku lura, jama'a: awa 40 ba ta kai kwana biyu cur ba. Wannan ne ake kira takurawa? Mafi yawan ɗalibai sukan wuce wannan adadi kafin malami ya yarda ya gabatar da su, kuma ranar da suka karɓi takardar ce ranar da koyo ya fara.

Lasisin nan kuma yana da shinge ta kowace fuska. Bai ba mai shi damar ɗaukar fasinja ya karɓi kuɗi ba. Wannan sai mai lasisin sana'a, wanda ya yi aƙalla awa 150, ko 100 a makarantar da aka amince da ita, likita kuma na duba shi duk shekara. A 2024 hukumar jiragen sama ta Najeriya ta dakatar da izinin wasu masu jiragen kansu da aka samu suna haya da su a ɓoye. Bai ba shi damar shiga gajimare ko hazo ba. Tuƙin gani da ido ne, tuƙi da na'ura kuwa sai da wani horo da wani izini da kuma jirgin da aka ƙera don haka, kuma jiragen Robinson ba sa cikinsu. Bai ba shi damar bi ta saman gari ƙasa da mita 300 ba, ko ta saman daji ƙasa da 150, in ba wajen tashi da sauka ba. A Turai kowane samfurin helikwafta da izininsa daban, ana sabunta shi duk shekara. Amurka ma, da ake kira ƙasar ƴanci, ta kafa doka ta musamman a 1995 kan horon masu tuƙa R22 da R44, bayan haɗurra sun yi yawa.

Dalilin wannan tsanani yana cikin halittar abin. Matuƙin helikwafta yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda, kuma duk abin da ya taɓa sai ya gyara sauran. In inji ya mutu, jirgin na iya sauka lafiya, domin iskar da ke ratsa farfela daga ƙasa tana ci gaba da juya ta. Amma matuƙi na da ƴan daƙiƙoƙi ne kawai ya sauke sandar hannun hagu, in ya makara farfela ta rasa gudu, ba ta kuma dawowa. Hannu ne ke koyon wannan ta maimaici, ba a karanta shi ranar da abin ya faru, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan akwai cin amanar jiki. Mutum na sanin sama da ƙasa ta idonsa da kuma wani ruwa da ke cikin kunnensa. In ido ya daina ganin inda ƙasa ta haɗu da sama, kunne ya kan yi ƙarya: matuƙi ya rantse yana hawa alhali yana gangarawa a karkace. Babu dukiyar da ke gyara wannan, babu sarautar da ke hana shi.

Gemun da ya kama wuta

Masu ganin wannan tsoratarwa ce su dubi abin da ya faru da mutanen da suka fi mu kuɗi, a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Colin McRae, zakaran tseren motoci na duniya a 1995, mutum ne da ba a taɓa shakkar hannunsa ko zuciyarsa ba. Ranar 15 ga Satumba 2007 jirginsa samfurin Écureuil ya faɗi kusa da gidansa a Lanark ta ƙasar Sikotlan, yana tuƙi da kansa. Ya rasu tare da ɗansa mai shekara biyar, da wani yaro mai shekara shida, da wani abokin gidan. Bincike ya gano cewa lasisinsa ya ƙare tun 2005 bai sabunta ba, kotun da ta saurari lamarin a 2011 kuma ta ce ya yi ta tuƙi ƙasa-ƙasa cikin kwari ba tare da wata larura ba. Gwanintar mota ba ta yi masa rana a sama ba, yaran nan biyu kuma ba a tambaye su ko sun yarda a tsallake takarda ba.

Ranar 26 ga Janairu 2020, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant ya rasu a Kalifoniya tare da ƴarsa da wasu mutum bakwai. Jirgin babba ne, Sikorsky S-76 mai inji biyu, matuƙin kuma ya yi tuƙin fiye da awa 8,000. Amma kamfanin da ke gudanar da jirgin izinin tuƙin gani da ido kaɗai yake da shi, kuma ranar hazo ya rufe tsaunuka. Matuƙi ya kutsa cikin gajimare, kansa ya ruɗe, ya doki dutse. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ba ta samu shaidar cewa fasinjan ya matsa masa ba. Abin da ta nuna shi ne, da alama matuƙin ya matsa wa kansa don kada ya ba babban mutum kunya. Shekara huɗu bayan haka, cikin daren 9 ga Fabrairu 2024, irin wannan ta faɗa wa Herbert Wigwe, shugaban rukunin bankin Access na Najeriya, da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu, a hamadar da ke iyakar Kalifoniya da Nebada. Jirgin haya ne, ana ruwa gauraye da ƙanƙara, na'urar auna tazara daga ƙasa ba ta aiki kuma an sani tun kafin tashi. Rahoton 2025 ya maimaita hukuncin baya: an ci gaba da tuƙin gani da ido inda babu gani, kamfani kuma bai sa ido ba.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. In a Amurka matuƙi mai awa 8,000 ya ji nauyin ce wa maigida a fasa, yaya za ta kasance a inda aka rene mu kan cewa yaro ba ya musa wa babba, bara ba ya ce wa ubangidansa a'a? Kunya da biyayya ado ne a zaure, amma a kujerar matuƙi suna iya zama ajali. Dokar sama ta ba matuƙi kalmar ƙarshe a kan kowa da ke cikin jirgi, ko minista ne ko wanda ya biya kuɗin jirgin. Alhajin da ba zai iya jure jin "ranka ya daɗe, yau ba za mu tashi ba" daga bakin ɗan shekara 28 da yake biya albashi, kuma ya bar shi kan aikinsa washegari, to bai isa mallakar jirgi ba, ko da kuwa ya isa sayen goma. Kafin a auna jinin matuƙi, kamata ya yi maigida ya auna haƙurinsa.

Masu cewa da masu cewa

Za a ce: kuɗinsa ne, ransa ne, ina ruwanku? Da jirgin zai tashi daga tsakar gidansa ya tsaya nan, da mun yi shiru. Amma ta saman kasuwa zai bi, da makaranta, da rumbunan hatsi, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Mai tallan goro da ke ƙarƙashi bai sa hannu kan wata yarjejeniya ba. Lasisi alkawari ne da hukuma ta ɗauka a madadin wannan mutum.

Za a ce: takardun Nasara ne aka ƙaƙaba mana. Wannan magana ba ta san gida ba. Hukumar ASECNA mai lura da sararin samaniyar ƙasashenmu tun 1959 take, mazauninta Dakar, babbar makarantarta EAMAC kuwa a Yamai take, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi daga ƙasashen Afirka da dama. Muryar da ke fitowa daga hasumiya ta ƴaƴanmu ce, ɗaliban malaman da ke karanta wannan mujalla. Wanda ya raina dokar su ya raina.

Za a ce: in kwana ya ƙare ya ƙare, da lasisi ko babu. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma malamanmu sun koyar da mu cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Za a kuma kawo misalin Vichai Srivaddhanaprabha, mai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leicester, wanda jirginsa AW169 ya faɗi a bakin filin wasa ranar 27 ga Oktoba 2018, mutum biyar suka rasu, alhali takardu a cike, matuƙi ƙwararre; wani ɗan ƙarfe ne cikin na'urar farfelar wutsiya ya ƙage. Haka ne, doka ba ta yi alkawarin kawar da mutuwa ba. Amma a dubi abin da ya biyo baya: cikin makonni hukumar Turai ta umarci a duba wannan sashe a duk jiragen samfurin, ko'ina suke. Abin ya yiwu ne domin kowane jirgi na da rajista da kundi da wanda za a nema. Kusan kowace ƙa'ida a wannan fanni wani ne ya biya kuɗinta da ransa. Mu aka ba mu ita kyauta, muna neman wanda zai taimaka mu tsallake.

Akwai kuma batun tsaro, wanda yankinmu ba zai yi wasa da shi ba. A watan Maris 2021 gwamnatin Najeriya ta haramta shawagin jirage a saman jihar Zamfara, maƙwabciyar Maraɗi, a lokacin da zarge-zarge suka yi yawa kan safarar makamai da zinariya. Ko zargin ya tabbata ko bai tabbata ba, darasin ɗaya ne: abin da ke iya sauka a kowane fako dole a san mai shi, da inda ya fito, da inda ya nufa. Takardar shirin tafiya da izinin wurin sauka kariya ce har ga shi mai jirgin, don a sararin da sojoji ke cikin shiri, baƙon da bai yi sallama ba ba a tambayarsa suna.

Hujja guda ce ke da nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Jirgi mai saukar ungulu ba abin wasan attajirai kaɗai ba ne. Yana ɗauko mai naƙuda daga inda mota ba ta zuwa, yana kai agaji lokacin ambaliya irin ta 2024, yana neman matafiyan da suka ɓace a Tenere. Ƙasa mai faɗin tamu tana bukatarsa, kuma in neman izini ya zama yawo daga ofis zuwa ofis wata da watanni, masu niyyar kirki za su gudu, masu sanayya su rage. Wannan gaskiya ce, amma maganinta ba rage awa 40 zuwa 20 ba ne. A bambanta tsakanin tsananin ƙa'ida da duhun ƙa'ida. Haƙƙin jama'a ne a kan hukuma ta bayyana sharuɗɗa a fili, da kuɗin kowace takarda, da kwanakin da za ta ɗauka, cikin Faransanci da harsunan ƙasa, ta yadda ɗan malamin makaranta da ɗan attajiri za su bi ƙofa guda. Alfarma a duhu take ƙiba. In aka kunna fitila, mai cewa akwai wanda muka sani ya rasa abin sayarwa.

Inda ya kamata kuɗin su fara sauka

A 2007 kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin kimiyya na Jami'ar Bayero ta Kano da ya harhaɗa helikwafta daga tarkacen motoci, da injin Honda Civic, har ya ɗaga shi wajen mita biyu daga ƙasa. Babu hukumar da za ta ba irin wannan jirgi takardar lafiya, kuma daidai ne kada ta bayar. Amma labarin ya nuna abin da muke da shi a yalwace da abin da muka rasa. Basira tana nan a Kano da Maraɗi da Damagaram. Abin da babu shi ne hanyar da za ta kai ta ga horo. Makarantar koyon tuƙin jirage ta Zariya tana nan tun 1964, kwana guda a mota daga Maraɗi. Kuɗin ƙaramin jirgi ɗaya sun isa su horar da samari da ƴan mata da dama, wasu matuƙa, wasu makanikai. Attajirin da ya fara da mutane kafin ƙarfe, ranar da jirginsa ya iso zai tarar da masu riƙe masa shi, kuma masu iya gaya masa gaskiya da harshen da yake ji.

Aikin da ya rage na malamai ne da ƙungiyoyin al'adu. Yaron da ya ga an saya wa wansa sakamakon jarrabawa, ya ga an saya wa direban gidansu permi, shi ne gobe zai zauna a ofis a kawo masa takardar jirgi da ambulan a ƙarƙashinta. Ku koya masa tun a aji cewa sa hannu shaida ce, kuma akwai wuraren da shaidar zur ba ta jiran lahira. Ku sa wannan a wasannin kwaikwayo da muhawarorin makarantu, yadda aka sa zancen auren dole da na allurar rigakafi har suka shiga kunne. Mai kuɗi kuwa, in ya ga dama ya saya, Allah ya sanya alheri. Amma ya zauna gaban malami kamar kowa, ya miƙa hannu ga likita kamar kowa, ya cika sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ya ɗauki wanda ya cika su ya ji maganarsa. Iya ruwa fid da kai, kuma a can sama babu wanda muka sani.